Ƙanzon da Ya Kusa Mayar da Ni Gaffati

Shekarun baya, lokacin ina goyon ɗana na fari, akwai wani tsoro da nake yawo da shi a ƙirji ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tsoron shi ne na daina son mijina. Ba faɗa muka yi ba, bai taɓa zagina ba, balle ya ɗaga mini hannu. Jikina ne kawai ya yi shiru. Mata sun gane abin da nake nufi, mazan da ke karantawa kuma su yi haƙuri su gane da kansu. Farkon aurenmu, ko tarinsa na ji a zaure sai gabana ya faɗi, irin faɗuwar nan mai daɗi. Amma tun da na dawo daga wankan jego, ko kusa da ni ya zauna ba na jin komai, kamar an jingina buhu a jikin buhu.

Ni dama haka Allah ya yi ni, mai saurin tsorata. Yaro ya yi atishawa, na fara neman mayafin zuwa likita. Karatuna bai yi nisa ba, kaɗan na taɓa a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu Gaffati, wannan rubutun ma a waya na ƙarasa koyonsa, in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi da kanku. Amma ina da ido. Abin da ya gifta ta gabana ba ya kuɓuce mini. Inda nake samun matsala shi ne, sai in ga abu daidai, in fassara shi a baibai.

Shekarar ce ruwa ya ɗauke gero yana da ciki, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. A Gaffati iyayena sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, da dafa ganyen tafasa. Mu da ke cikin garin Damagaram kuwa, tiyar hatsi kullum ka je kasuwa sai ka tarar ta ƙara tsada a kan ta jiya. Mijina majemi ne, fata yake jemewa a majema da ke gefen gari. Mutane suna ganin kamar majema sun ji daɗin shekarar, tun da makiyaya na ta yanka dabbobi kafin su mutu. Fata kam ta yi yawa, amma fatar dabbar da yunwa ta cinye ce, siririya, duk huji, ba mai saye.

A gidansu mijina akwai al'ada, kuma na san gidaje da yawa haka suke: namiji a zaure yake cin abincinsa, mace ta kai masa ta koma ciki, in ya gama ta je ta ɗauko kwano. Mace ba ta ci a gaban miji, kunya ce. Ni kuma da abu ya tsananta muka koma girki sau ɗaya, da yamma, sai na riƙa kwashe kusan duk tuwon ina zuba masa. In ya ce, "Ke fa?" sai in ce na ci nawa tun a bakin murhu. Gaskiyar magana, gindin tukunya kawai nake kankarewa. A ganina shi ne mai fita aikin ƙarfi, ni ina gida a zaune.

Sai kwano ya fara dawowa da saura. Da fari kaɗan, daga baya fiye da rabi.

"Maigida, tuwon bai yi ba ne?"

"Ya yi mana. A majema na ci, 'yar Gaffati. Cikina ba wuri."

Haka yake kirana, 'yar Gaffati, tun muna zance.

To ga inda idona ya cuce ni. Na lura ba ko'ina yake ci ba. Gefen da miya ba ta kai ba yake gutsura, gefen da na malala miyar kuka, da ɗan man da na ɗiga, yana nan yadda na kai shi, ko yatsa bai taɓa ba. Kullum haka. Na ce shi ke nan, miyata ta gundure shi. Kuma na ce a raina ba miyar ba ce kaɗai.

Saurar nan ban taɓa iya ci ba. Rabi haushi ne, rabi kuma ina cewa ai da safe zai nema. Gari ya waye in yi ɗumame in kai masa, ya yi loma ɗaya biyu ya miƙe, wai ana jiransa da fura a majema. Abin da ya rage sai in marmashe shi a faifai in shanya a rana, yadda mahaifiyata ta koya mini, in ya bushe ƙarau ya zama ƙanzo in zuba a wata tukunyar ƙasa da ke bayan gado. Na ce saboda ranar da za a je kasuwa a dawo hannu wofi. Ina ramewa, tukunya tana cika.

Shi ma kuma ya daina nemana. Ya dawo, ya ɗauki yaro ya cilla sama su yi dariyarsu, ya yi salla, ya miƙe a tabarma. Na zauna na haɗa abin a kaina: ba ya cin tuwona, ba ya nemana, ni ma ba na jin komai. Ko dai an yi mana farraƙu, asirin nan na raba miji da mata, ko kuwa son ne ya ƙare don kansa, kamar yadda rijiyoyi suka ƙafe a shekarar. Na yanke shawara zan roƙe shi ya bar ni in je Gaffati, da sunan duba iyaye, baki ɗaya ya ragu masa. A ƙasan raina kuwa na tabbata in na tafi ba zai biyo ni ba, auren a haka zai narke ba tare da kowa ya furta komai ba. Har na ninke zannuwana na ɗaure a ƙasan akwati.

Kafin in yi masa maganar na ce bari in je wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina da ke unguwar Zango. Ita Babarbare ta aura, har bakinta ya juye rabi, kuma sana'arta turaren wuta da humra da kayan mata. Duk amaryar da aka yi a unguwarsu sai ta bi ta hannunta.

"Wushe, wushe, 'yar ɗan'uwana! Kai, wannan wuya naki kamar na zabuwa. Me ya faru?"

Na yi ta kewaye-kewaye, ina wasa da bakin zane, har na samu na faɗa mata rabi.

"Yau ga shirme," in ji ta. "Farraƙu? Wa zai ɓata kuɗinsa a shekarar nan ya raba majemi da matarsa? Gyara ne ba ki da shi. Kin haihu kin zauna kina warin nono, shi yana warin jima, to wa zai nemi wa?"

Ta ɗauko kwalbar tsimi, ruwan magani mai kauri na mata, ta haɗa mini da ƙullin turare da 'yar humra. Ta ce ranar Juma'a, da yake ba a komawa aiki in an sauko daga masallaci, in sha tsimin tun hantsi, in turara ɗaki da jikina kafin ya dawo.

"In bai manta sunan unguwarsu ba, ki dawo mini da kayana."

Ranar Juma'a na bi umarni har na zarce. Ta ce in zuba turare kaɗan-kaɗan, ni kuwa mai tsoron kada abu ya kasa, na juye rabin ƙullin a kasko lokaci guda, na rufe ƙofa da taga. Tsimin kuma na sha shi a cikin da ba komai, sai ga cikina yana kuka kamar kwaɗi a tafki. Ina zaune a bakin gado cikin hayaƙi, ido na hawaye, na ji an banko ƙofa. Mijina ne da bokitin ruwa a hannu, hular Juma'arsa a karkace.

"Ina yaron? Ina wutar?"

"Yaro yana maƙwabta. Turare ne."

Ya tsaya ya dube ni, ya dubi kasko, ya ajiye bokiti a hankali. Ya ce, "Kai, ƙamshi kam akwai shi." Ya zauna kusa da ni ya jingina kansa da bango, yana murmushi. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai ce. Da shirun ya yi yawa na ɗago, ashe bawan Allah ya yi barci, a zaune, rana tsaka, baki a buɗe.

Washegari gwaggo ta aiko a tambaye ni, ban ba da amsa ba, sai ga ta da kanta.

"Yaya?"

"Ya yi barci, Gwaggo."

Ta yi wata dariya ta mata manya. "Ai dama ƙarshenta barci ne."

"A'a, Gwaggo. Farkonta ne barcin. Har da minshari."

Ta riƙe haɓa. Ta ce tun da take sana'arta turarenta bai taɓa kwantar da namiji irin wannan kwanciyar ba, za ta koma ta haɗo wanda ya fi shi. Ni kuwa na ce an gama, tun da kayan gwaggo ma sun kasa. Na sa a raina ranar awon yaro in na dawo daga likita zan yi masa maganar tafiya.

A likitar unguwarmu akwai wata ungozoma da muke ce wa Madam, babbar mace mai tabarau da igiya a wuya, muryarta kamar tana faɗa ko gaisuwa take yi. Ta rataya yarona a sikeli, ta duba, ta ce ba laifi. Sai ta sauke tabarau ta dube ni.

"Bon. Yaro yana hawa, uwa tana sauka. Kawo hannunki." Ta zagaye damtsena da yatsu biyu suka haɗe. "Ke me kike ci?"

Ban san yadda aka yi ba, sai kawai na fashe da kuka. Ta kori matan da ke leƙe, ta ja labule. Abin da na kasa faɗa wa gwaggo duka, ita na faɗa mata. Na ce Madam, ina jin na daina son mijina, jikina ya mutu a kansa, kuma ina tsoron Allah ya kama ni da zama da mutum ba so.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In ya makara bai dawo ba, me kike yi?"

"Ina fita zaure in leƙa, in dawo, in sake fita."

"Kina gane tafiyarsa?"

"Tun daga kwanar lungu. Ƙafarsa ta hagu tana ɗan ja."

"Warin majema fa? Ni ko ta hanyar ba na iya bi."

Na ji kunya, amma na faɗa mata gaskiya: in yaro ya ƙi barci, tsohuwar rigar aikin babansa nake shimfiɗa masa, mai warin bagaruwar da suke jima da ita. Kuma wani lokaci ba don yaron nake ɗauko ta ba.

A nan ne ta yi dariya, har tabarau na rawa a ƙirjinta. Ta ƙwanƙwasa mini goshi da ɗan yatsa.

"Duk abin da kuke cewa zuciya, zuciya, a nan yake. Ƙwaƙwalwa kamar gida ce mai ɗakuna. Ɗakin da ke farkawa in kin ji ƙamshin abinci, shi ne dai yake farkawa in sha'awa ta motsa, haya ɗaya suke yi. In ga yunwa, ga shayarwa, ga fargaba, sai ƙwaƙwalwa ta rage fitilar ɗakin, ta ce ba yanzu ba, mu fara tsira da rai. So kuma ɗakinsa yana kusa, katanga ɗaya, da ƙofa a tsakani, amma shi abokin zamansa sabo ne. Sau da yawa sha'awa ce take fara buɗe ƙofa, so ya shigo ya shimfiɗa tabarma. In ya zauna kuwa, ko fitilar wancan ɗakin ta yi ƙasa, tasa tana nan tana ci. Ke da kike shinshinar rigar majemi kike cewa ba ki son sa?"

Ban sani ba ko na maimaita maganarta daidai yadda masu ilimi za su yarda, amma haka ta zauna mini a kai har yau.

Na ce, "To shi fa, Madam? Ba ya nemana, ba ya cin tuwona."

"A ina yake ci?"

"A majema."

"Kin gani da idonki?"

Ni da nake taƙama da ido, wannan ɗaya ban taɓa gani ba.

Ta ba ni ƙullin garin kunu da ake ba masu shayarwa, ta ce, "Wannan cikinki zai shiga. In na ji ya bi hanyar zaure, ni da ke ne."

Daga likita ban nufi gida ba. Na gyara goyo na miƙe sai majema, wurin da ban taɓa takawa ba tun da aka kawo ni garin. Tun daga nesa wari ya tare ni, ga ramukan jiƙo, ga fatu a shanye kan duwatsu. Lokacin kalacin rana ne, mazan sun taru a inuwa sun kewaye ƙwaryar furar da suke haɗa hannu su saya. Na duba fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, babu mijina. Can gefe na hango shi, shi kaɗai, ya duƙa yana karce fata, ya ba su baya.

Wani dattijo, wanda ya koya masa sana'ar, shi ya fara gane ni.

"A'a! Jama'a, yau ga mai tuwon da kanta!"

Duk suka juyo. Na durƙusa na gaishe shi.

"'Yata, dama ina neman ki. Don Allah ki riƙa rage masa hannu. Kullum muka ce ya matso ga fura, sai ya shafa ciki ya ce kin cika shi da ɗumame tun safe, ba wuri. A shekarar nan! Mu matanmu har gori muke yi musu da ke."

Wani daga baya ya ce, "Ni dai abin da ban gane ba, ina tuwon yake zuwa? Mutum kullum a ƙoshe, kullum tazugensa na ƙara tsawo!"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa idona ya riga ya sauka inda mijina yake. Ya miƙe tsaye da wuƙar karta a hannu, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kusa da ƙafarsa ga ƙwallayen aduwa da ya tsotse ya tara. Tazugen kuma gaskiya ne, ya zagaya ƙugunsa ya sake zagayowa. A gida riga ke rufe shi, ban taɓa lura ba.

Nan take na gane komai. Amma ba zan kunyata shi gaban abokan aikinsa ba. Na ce, "Baba, ai mu a Gaffati haka aka koya mana, hannunmu ba ya iya kaɗan."

Ya ƙaraso da sauri, murya ƙasa-ƙasa. "Lafiya? Yaron ne?"

"Lafiya lau. Ka dawo da wuri, kana da baƙo a gida."

Ƙafata ba ta taɓa sauƙi irin na ranar ba. Ina tafe ina dariya ni kaɗai, ina share hawaye da bakin mayafi, har wani ɗan kabu-kabu ya rage gudu yana kallona. Ina isa na jawo tukunyar bayan gado, na ɗebi ƙanzo mai yawa na jiƙa. Ba ni da ƙuli-ƙulin kwaɗawa, sai na ɗauki sauran tsimin gwaggo na leƙa wurin maƙwabciyata mai ƙuli. Ko gama bayani ban yi ba ta fizge kwalbar ta cika mini kwano. Na daka da barkono da gishiri, na yanka 'yar albasa, na kwaɗa.

Da la'asar na ji ƙafar hagun nan tana ja a lungu.

"Ina baƙon?"

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na rungumo tukunyar na juye ta a gabansa. Ƙanzo ya zubo ya yi tsibi, yana ƙara kamar tsakuwa.

"Ga shi. Ya daɗe a gidan nan, bayan gado yake kwana."

Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya ya juya. "Mene ne wannan?"

"Tuwonka ne. Duk wanda ka rage."

"Ba ki ci ba?"

"Kai ka ci? Wai a majema ka ci. A majema kuma wai a gida ka ci. Malam, a ina kake ci? Ka nuna mini wurin ni ma in riƙa zuwa."

Ya zauna daɓas. "Ke na bar wa. Kina shayarwa. Na ga kina cewa kin ci a bakin murhu, na san ƙarya ne, ko muryarki ba ta mai ƙoshi ba ce."

"To gefen miyar fa? Me miyata ta yi maka da ko taɓa ta ba ka yi?"

"Ai don ke nake kewaye ta! An ce miya da mai su ke kawo nono. Kin san yadda nake haɗiyar yawu kuwa in na ga man nan yana ƙyalli?"

Muka dubi juna, muka dubi tsibin ƙanzo. Shi ya fara. Dariya ta kama shi har ya kwanta a tabarma yana riƙe ciki.

"Wato mu biyu muna ta azumin da ba lada, tukunya ce ke ƙiba!"

Yaro da ya ga muna dariya shi ma ya kama, yana dukan ƙanzo da hannu biyu.

Da muka lafa na faɗa masa sauran. Na faɗa masa maganar zannuwan da na ɗaure, da abin da na yi niyyar roƙonsa a ranar. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce shi ma da nasa tsoron yake yawo. Ya ga na yi sanyi, ya ɗauka na gaji da talaucinsa da warin jima, shi ya sa yake ja da baya don kada ya takura mini.

"Kuma in faɗa miki gaskiya, 'yar Gaffati, ko kin kira ni ba lallai in amsa ba. Jikin nan ko kaza ba zai iya kora ba. Ranar turaren nan na gane nufinki sarai, na zauna da niyya mai kyau. Ban san lokacin da aka ɗauke ni ba."

Na rufe fuska da mayafi. Daga ciki na ce, "Da na tafi, da ka biyo ni?"

"Da ƙafa ma. Sai dai a tsince ni a hanya, don ba na jin zan kai."

Na ɗauko kwanon kwaɗo zan kai masa zaure kamar kullum, ya riƙe bakin kwanon.

"Ajiye nan. Daga yau ba mai sake yi wa wani ƙarya. Wanko hannu."

Wallahi kunyar da na ji ta fi ta ranar da aka kawo ni. Ban taɓa tauna abu a gabansa ba. Na riƙa ɗaukar ɗan mitsitsi ina juya kai gefe, shi kuma yana turo mini wurin da ƙuli ya fi yawa, ina mayar masa. Har ya ce in muka ci gaba da haka wannan ma tukunya za ta koma. Sai na saki jiki. Ban taɓa cin abu mai daɗin kwaɗon nan ba, kuma na ci naman Salla da yawa tun daga lokacin.

Muna tsakiyar ci sai ga sallama. Gwaggo ce, da sabon ƙullin turaren da ta ce ya fi na farko. Ta tsaya cak a bakin zaure.

"Innalillahi! Kwano ɗaya? A tsakar gida? Ke, a ina kika koyo wannan rashin ta-ido?"

Mijina ya ce, "Gwaggo, bismilla."

Ta ce Allah ya kiyaye. Ta matso dai don ta ga ko mene ne. Ta ce bari ta ɗanɗana gishirin kawai. Ƙarshenta sai da na ƙara jiƙa wani.

Ba zan ce muku yunwa ta ƙare ranar ba. Mun sha wuya har kaka ta zagayo. Amma abin da aka samu, a gaban juna ake raba shi, kunun Madam kuma yana tsaye a kaina sai na shanye. Jikina ma bai farka nan take ba, kuma kun san halina, na sake fara damuwa. Sai in tuna da katanga ɗaya da ƙofa a tsakani, in ce bari dai in jira.

Ranar da abin ya dawo ba turare, ba tsimi. Damina ta sauka sosai, an fara cin sabon gero, ina tsakar gida ina tankaɗe da rana. Ruwa ya dake shi a hanya, ya shigo zaure yana kakkaɓe riga, ya yi tari. Gabana ya faɗi. Irin faɗuwar nan ta da. Na saki rariya gari ya watse, na tsaya ina dariya kamar wata sakarya. Ya leƙo ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Lafiya. An kunna fitila ne." Bai gane ba, ni kuma ban yi masa bayani da baki ba.

Ɗana na biyu, har yau gwaggo ba ta kiransa da sunan yanka, Ɗan Ƙanzo take ce masa. Amma in amare sun zo sayen kaya, shi take nuna musu ta ce aikin turarenta ne. Na bar ta, sana'a ce.

Yanzu in na tuna sai in ga yadda na kusa ɗaure kaya in bar mutumin da yake tsotsar aduwa don in sha miya. Na auna so da abu ɗaya tak, da na ga abin ya yi shiru na ce komai ya mutu. Alhali son yana gabana kullum, a gefen kwano, da mai a kansa, ni ce nake shanya shi a rana ina zubawa a tukunya. Tun daga lokacin fitilar nan ta sha yin ƙasa ta sha tasowa, da haihuwa, da ciwo, da gajiya, da shekaru. Ban ƙara ninke zane saboda ita ba. Tsoro dai bai bar ni ba, jiya ma autana ya yi tari na hana kowa sakat. Amma wancan tsoron ɗaya ya tafi. Tukunyar tana nan, yanzu albasa nake zubawa a ciki, kuma har gobe a kwano ɗaya muke ci, ko wa zai shigo.

Roƙona gare ki, 'yar'uwa, musamman mai jego da mai goyo: in jikinki ya yi shiru, kada ki yanke wa zuciyarki hukunci ke kaɗai a ɗaki. Ki ci abinci, ki je likita ki faɗa musu ba kunya, ki kuma buɗe baki ki tambayi mijinki. Kai ma maigida haka. Yau in an sauke tukunya, don Allah ku zauna ku ci tare, kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ya ci.